Gardama kan fim ɗin Hunley: wa ya fi gaskiya a cikin masu kallo huɗu?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya ce shi da abokansa uku sun kalli fim ɗin The Hunley, labarin sojojin ɓangaren Kudu da suka shiga wani jirgin ƙarƙashin ruwa mai tafiya da ƙarfin damtse a lokacin yaƙin basasar Amurka, kuma ana gamawa gardama ta kaure. Na farko ya ce ƙarya ce tsagwaronta, ta yaya za a yi jirgi mai nutso a zamanin da ko mota ba a ƙera ba. Na biyu ya ce fim ɗin jan rai ne kawai, sai da aka kusa tashi sannan aka ga yaƙi. Na uku ya ce shi bai ga dalilin da baƙar fata zai zauna yana tausaya wa sojojin da suka yi yaƙi don bauta ta ɗore ba. Shi kuwa mai tambayar ƙarshen fim ɗin ne ya tsaya masa a rai, yana so ya san ko haka abin ya faru.

Malam, kafin mu raba muku gardamar, riƙe shekaru biyu a ka. An nuna fim ɗin a tashar TNT ta Amurka a 1999. An ciro jirgin daga ƙarƙashin teku ranar 8 ga Agusta, 2000. Wato waɗanda suka shirya fim ɗin ba su taɓa leƙa cikin jirgin ba, babu kuma wani mai rai a lokacin da ya taɓa leƙawa. Da tsofaffin takardu suka yi aiki, da zane-zane, da abin da wani injiniya mai suna William Alexander ya rubuta bayan shekaru da yawa da faruwar abin, sai kuma labaran da mutanen jihohin kudancin ƙasar Amurka suka daɗe suna ba 'ya'yansu. Da aka buɗe jirgin, wasu abubuwan suka tabbata, wasu suka rushe. Rabin saɓanin da ake yi tsakanin masu kallo daga nan ya samo asali, domin wanda ya kalle shi a 1999 da wanda ya kalle shi bayan ya karanta rahoton masu tono ba abu ɗaya suke gani ba.

Abokinka na farko shi ne mai sauƙin sallama. Jirgin gaskiya ne, yana nan har gobe a cikin wani katafaren tanki a cibiyar adana kayan tarihi ta Warren Lasch da ke North Charleston, a jihar Karolina ta Kudu, kuma ana zuwa kallonsa. An ƙera shi a garin Mobile na jihar Alabama a 1863. Mutum uku ne a kan aikin: Horace Lawson Hunley, lauya mai hali wanda jirgin ya ci sunansa, da James McClintock, da Baxter Watson. Shi ne ma na uku da suka gwada. Na farkon, Pioneer, da hannunsu suka nutsar da shi a New Orleans a 1862 don kada ya faɗa hannun sojojin tarayya, wato na gwamnatin Amurka da ke yaƙar jihohin Kudu da suka ɓalle, na biyun kuma ya nutse a gaɓar Mobile. Tun kafin su ma, a 1776, an yi wani ɗan ƙaramin jirgi mai cin mutum ɗaya, Turtle, wanda aka kai wa jirgin yaƙin Ingila hari da shi a New York ba a yi nasara ba. Abin da ya fitar da Hunley daban shi ne, shi ne jirgin ƙarƙashin ruwa na farko a tarihi da ya nutsar da jirgin yaƙin abokan gaba. Ba a sake yin irin haka ba sai bayan shekara 50, a watan Satumba na 1914, lokacin da jirgin Jamus U-21 ya nutsar da Pathfinder na Ingila.

Abokinka na biyu, mai cewa an ja masa rai, shi ne nake so in ɗan zauna da shi, don a ganina wurin da ya ga gazawa nan fim ɗin ya fi kusa da gaskiya.

Ka samu kwalbatin da ke ƙarƙashin babban titi, irin wanda yaro zai shiga a tsaye amma babba sai ya duƙa. Tsawon jirgin kusan mita 12 ne, amma tsayin cikinsa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, faɗinsa ma bai kai tsayin ba. A cikin wannan kwalbatin ka jera ƙarti bakwai a kan benci ɗaya na katako da ke manne da bangon hagu, kafaɗa na gugar kafaɗa, kai a sunkuye saboda rufin ƙarfe. A gabansu akwai doguwar sandar ƙarfe mai gwiwa-gwiwa, kowa da wurin kamunsa, ita suke juyawa da hannu kamar masu markaɗe, ita kuma take juya farfela a bayan jirgi. Idan sun ba da ƙarfi iya ƙarfi, gudun bai fi kilomita bakwai a awa ba. Na takwas shi ne kwamanda, yana can gaba, kansa a cikin wata 'yar hasumiya mai ƙananan tagogin gilashi, hannu ɗaya a kan abin tuƙi, ɗaya a kan sandar da ke karkata fikafikan jirgin sama ko ƙasa. Ƙofofin shiga biyu ne, gaba da baya, kowacce sai mutum ya ɗaga hannuwa sama ya zurara. Akwai tankin ruwa a kowane ƙarshe: in ana son nutsewa a buɗe bawul ruwan teku ya shiga, in ana son tasowa a fitar da shi da famfon hannu. Hasken cikin duka kyandir ne.

Kyandir ɗin nan aiki biyu yake yi. Yana haska ma'aunin zurfi da kamfas, yana kuma gaya musu yawan iskar da ta rage. William Alexander, wanda ya yi atisaye da su kafin a mayar da shi Mobile gab da harin, ya ba da labarin ranar da suka gwada iya daɗewarsu a ƙasa. Suka sauka suka kwanta a kan yashi, da sharaɗin duk wanda ya kasa jurewa ya yi magana a taso. Bayan minti 25 kyandir ya mutu, ya ƙi kamawa. Suka ci gaba da zama cikin duhu, babu mai son a ce shi ne ya fara karaya, har sai da suka yi magana kusan baki ɗaya. Da aka zo tasowa famfo ɗaya ya ƙi ja, ciyawar teku ta toshe shi, sai da Alexander ya kwance shi da lalube ya cire ta. Awa biyu da minti 35 suka yi. Sojan da ke gadi a bakin ruwa har ya riga ya kai rahoton cewa sun halaka.

To, rayuwar waɗannan mutane ke nan: jira, juya ƙarfe, sanyi, gumi, numfashin juna. Sun yi makonni suna fita da dare suna neman jirgin abokan gaba da za su iya kaiwa su dawo kafin gari ya waye, igiyar ruwa tana mayar da su. Harin kansa 'yan mintoci ne. Mai shirya fim da ya cika labarin da harbe-harbe daga farko zuwa ƙarshe, da ya yi wa tarihi ƙarya mafi girma. Inda zan ba abokinka gaskiya shi ne a abin da aka cike jiran da shi. An yi amfani da tsohuwar dabarar finafinan yaƙi: a tara mutanen da ba sa ga maciji da juna, a yi faɗa a mashaya, a yi zage-zage, sannan wahala ta mayar da su 'yan'uwa. Wanda ya kalli finafinan soja biyar ya san inda za a tun kafin a je. Halayen da aka ba ma'aikatan jirgin ƙirƙira ce, domin a 1999 sunayensu ma ba a gama tantancewa ba, har tsofaffin littattafai suna cewa su tara ne. Da aka tono, takwas aka samu. Binciken haƙora da ƙasusuwa ya nuna huɗu haifaffun Amurka ne, huɗu kuma daga Turai suka zo.

Akwai wani abu da fim ɗin ya taɓa amma bai ba shi nauyin da ya kamata ba, shi ne cewa waɗannan takwas ɗin sun san sarai abin da suke shiga. Jirgin ya iso Charleston, birnin gaɓar teku na ɓangaren Kudu, a kan jirgin ƙasa a watan Agusta na 1863. Ranar 29 ga watan ya nutse a bakin mashiga ƙofofinsa a buɗe, mutum biyar suka mutu. Aka ciro shi, aka wanke. Ranar 15 ga Oktoba Horace Hunley da kansa ya ja shi atisaye, ya nutse bai taso ba, shi da mutum bakwai suka mutu. Da wannan haɗarin ne fim ɗin ya buɗe. Aka sake ciro shi, aka sake wankewa. Janar Beauregard, mai riƙe da tsaron Charleston, wanda Donald Sutherland ya fito a matsayinsa, ya so a jingine jirgin gaba ɗaya, sai Laftanar George Dixon ya yi ta naci har aka ba shi dama. Ka duba: jirgi ya ci mutum 13 na gida, bai ko ƙwarzani abokin gaba ba, amma aka nemi masu sa kai aka samu. In ka haɗa da takwas na ƙarshe, mutum 21 ya ci. A ɗaya ɓangaren mutum biyar ya kashe. (Su biyar ɗin da suka mutu a haɗarin farko ma kabarinsu ɓacewa ya yi, sai a 1999 aka gano su a ƙarƙashin wani filin wasan ƙwallo da aka gina a kan tsohuwar maƙabartar matuƙa jiragen ruwa.)

Masu kallo da yawa suna ƙorafi a kan Dixon na fim, kuma da hujjarsu. Armand Assante yana gab da shekara 50 lokacin da ya hau matsayin, ya fito da Dixon a matsayin mutumin da duniya ta gama gasawa, mai shaye-shaye, mai ganin matarsa da ta rasu a mafarki. Dixon na gaskiya saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda ya yi aikin injin jirgin ruwa a kogi kafin yaƙi. Wannan ba ƙaramin canji ba ne. Dattijon da ya rasa komai ya shiga akwatin ƙarfe, sai ka ce neman mutuwa yake. Saurayi mai ji da kansa, wanda ya san inji, ya kuma yarda cewa haɗurran baya kuskuren matuƙa ne ba laifin jirgi ba, wannan wani labari ne daban, kuma ni ya fi ba ni tsoro, don irinsa ake samu a kowane yaƙi.

Amma ga inda masu cewa duk tatsuniya ce suka sha kunya. A fim akwai tsabar zinariya da Dixon yake yawo da ita, wadda aka ce ta tare masa harsashi a yaƙin Shiloh. Kowa ya ɗauka irin ƙarin gishirin nan ne na labaran soja. A 2001, ana tsakiyar kwashe lakar da ta cika jirgin, Maria Jacobsen, shugabar masu tonon, ta sa hannu kusa da ƙasusuwan Dixon ta taɓo wani abu mai santsi. Tsabar zinariya ce ta dala 20, bugun 1860, ta lanƙwashe kamar an danna ta da babban yatsa. An goge gefe ɗaya an zana rubutu: sunan Shiloh, da ranar 6 ga Afrilu 1862, da kalmomin da ke nufin abin da ya ceci raina, da haruffan sunansa uku. Da likitoci suka duba ƙashin cinyarsa ta hagu suka ga tabon tsohon rauni da ya warke. Labarin da aka gada yana cewa wata budurwa ce a Mobile, Queenie Bennett, ta ba shi. Rubutun bai ambace ta ba, kuma akwai masu binciken da ke shakkar wannan ɓangaren. Fim ɗin shi kuma sai ya mayar da mai kyautar matar aure da ta mutu. Tsabar dai ta tabbata, harsashin ya tabbata.

Yanzu daren kansa, 17 ga Fabrairu, 1864. Jiragen yaƙin tarayya sun yi wa Charleston ƙawanya ta ruwa, sun hana auduga fita, sun hana makamai da magunguna shiga. Hunley ya fita ta wata 'yar mashiga a ƙarshen tsibirin Sullivan, ya nufi Housatonic, jirgin yaƙi na katako mai nauyin tan dubu da ɗari biyu da wani abu, wanda ke tsaye 'yan kilomitoci daga gaɓa. Akwai farin wata. Wajen ƙarfe tara saura kwata jami'in da ke tsaro ya hango wani abu kamar katako yana tahowa a kan ruwa. Aka yi ƙararrawa, amma abin ya riga ya matso ƙwarai, manyan bindigogin jirgin ba sa iya sunkuyawa su same shi, sai aka yi ta harbinsa da bindigogin hannu. Makamin Hunley nakiya ce, tulun jan ƙarfe mai ɗauke da albarushi kimanin kilo 61, a ƙarshen wata sandar ƙarfe mai tsawon kusan mita biyar da ke fitowa daga goshin jirgin. Ta tashi a ƙarƙashin gefen dama na Housatonic, ta wajen baya. Cikin kamar minti biyar jirgin ya zauna a ƙasa. Da yake ruwan wurin ba shi da zurfi sosai, turakunsa suka tsaya a waje, sauran matuƙan suka ɗare igiyoyi har aka zo aka kwashe su. Shi ya sa mutum biyar kawai suka mutu.

A nan ma tono ya gyara wa fim zama. Abin da aka daɗe ana ɗauka shi ne, jirgin yana caka nakiyar a jikin abokin gaba, ya ja da baya nesa, sannan igiya ta tayar da ita. A 2013 masu gyaran sandar suka sanar cewa sun samu ragowar jan ƙarfen tulun a manne a bakinta, ya tsage ya nannaɗe baya. Ma'ana nakiyar tana jikin sandar ta fashe, mutanen nan takwas suna zaune mita biyar daga kilo 61 na albarushi.

Sai tambayarka, Malam. A fim, jirgin ya lalace ya zauna a ƙasa, aka yi ƙoƙarin tasowa abin ya faskara, sai suka cika alkawarin da suka yi wa juna tun farko: maimakon a mutu da shaƙewa a hankali, a buɗe bawul ruwa ya shigo. Wuri ne mai taɓa zuciya, an kuma ɗauke shi da kyau, ban ga laifinka ba da ya tsaya maka a rai. Amma ƙirƙira ce. Babu wanda ya fito daga jirgin da zai ba da labari, kuma abin da aka gani a ciki bai goyi bayan wannan ƙarshen ba.

Ka tuna yadda aka samu mutanen haɗari na biyu. Beauregard da kansa ya rubuta cewa ganin gawarwakin abin firgici ne, sun ƙanƙame a yanayi iri-iri na neman tsira. Haka mutum yake yi in ruwa ya zo masa wuya, kome jarumtarsa da kome alkawarin da ya ɗauka. Jiki ba ya shawara da zuciya a wannan lokacin. Su kuwa mutanen Dixon, kowa a wurin zamansa aka samu ƙasusuwansa, ba a taru a ƙarƙashin ƙofa ba. A ƙasan jirgin akwai tubalan ƙarfe masu nauyi da aka yi musamman don a kwance su daga ciki in an shiga uku, jirgi ya yi sauƙi ya taso. An same su a ɗaure. Famfunan ma ba a saita su don fitar da ruwa daga ɗakin mutane ba. Duk alamun suna nuna mutanen da ajali ya riska ba su san an kai nan ba, ko kuma ba su da halin motsi. 

Masana sun rabu a kan fassarar wannan. A 2017 Rachel Lance, mai bincike a jami'ar Duke, ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi da ɗan ƙaramin samfurin jirgin a cikin tafki, ta ce ƙarfin fashewar ya ratsa ƙarfen ya lalata musu huhu da ƙwaƙwalwa nan take, jirgin kuma ya yi ta shawagi da gawarwaki har ya nutse. Wasu masu bincike, har da na rundunar sojan ruwan Amurka, ba su gamsu ba, suna ganin ƙarfin da ya shiga ciki bai kai na kisa ba. Wasu suna ganin Dixon ya sauka ƙasa da gangan don ya jira jiragen ceto su watse kuma igiyar ruwa ta juya ta taimaka musu komawa gida, sai iska ta ƙare musu suka sume ɗaya bayan ɗaya. Wanda iska mai kyau ta ƙare wa a rufaffen wuri yakan ji kasala da barci, ba lallai ya yi fafutuka ba. Masu wannan ra'ayin suna kafa hujja da shuɗin haske da aka ce an gani a kan ruwa bayan harin, wanda suke ɗauka alama ce daga Hunley zuwa ga mutanensu na gaɓa. An samu jirgin a 1995, ƙungiyar da marubuci Clive Cussler ke ɗaukar nauyi ce ta gano shi, kimanin mita 300 daga inda Housatonic ya nutse, ta ɓangaren teku ba ta ɓangaren gida ba. In ka tambaye ni, na fi karkata ga cewa fashewar ta yi musu illa ko da ba ta kashe su nan take ba, domin mutum takwas masu cikakken hankali, waɗanda suka san abin da ya sami na gabansu, da wuya a ce ko ɗaya bai kai hannu ga tubalan nan ba. Amma wannan karkata ce tawa.

Ka lura da wanda ya ba da shaidar shuɗin hasken nan a gaban kwamitin bincike. Sunansa Robert Flemming, baƙar fata ne, matuƙi a Housatonic, yana cikin waɗanda suka ɗare igiyoyi a daren. Wannan ya kawo mu ga abokinka na uku, wanda a ganina ya fi kowa riƙe da magana mai nauyi, ko da yake ban bi shi har inda ya tsaya ba.

Kurakuran da na lissafa a baya duk ana iya yi wa masu fim uzuri, ba a ciro jirgin ba tukuna. Wannan kuwa babu uzuri, don ba sai an tono komai ba kafin a san shi. Karolina ta Kudu ce jihar da ta fara ɓallewa daga Amurka, ranar 20 ga Disamba, 1860, kuma takardar da ta fitar don bayyana dalilinta a fili ta ɗora abin a kan batun bayi. A shekarar, fiye da rabin mutanen jihar bayi ne. A Charleston aka yi harbin farko na yaƙin, a sansanin Sumter, cikin Afrilun 1861, kuma Beauregard ɗin nan ne ya jagoranta. Ta tashar Charleston aka shigo da kusan kashi 40 cikin ɗari na 'yan Afirkan da aka kai Amurka ta Arewa a matsayin bayi, kuma tsibirin Sullivan, inda Hunley ya tashi a darensa na ƙarshe, nan ne aka riƙa killace da yawa daga cikinsu kafin a kai su kasuwa. Ta wannan tashar aka shigo da Umar ibn Sa'id, malamin Futa Toro, a 1807, wanda daga baya ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci yana cikin bauta. Audugar da ƙawanyar ta hana fita, wadda Hunley ya je buɗe wa hanya, bayi ne suka noma ta.

Fim ɗin yana nuna maka Charleston a matsayin garin da ake yi wa ruwan bama-bamai, mata da yara suna gudu, kuma hakan ya faru. Abin da bai tsaya ya nuna maka ba shi ne, ga dubban mutanen garin, jiragen da ke tsaye a bakin teku su ne fatan 'yanci. A wannan tashar dai, a watan Mayu na 1862, wani bawa matuƙin jirgi, Robert Smalls, ya saci jirgin sojan Kudu mai suna Planter da asuba, ya ɗauki iyalinsa da na abokan aikinsa, ya wuce ta gaban sansanonin tsaro yana busa usur ɗin da aka saba, ya miƙa jirgin ga 'yan ƙawanya. A watan Yuli na 1863, wata guda kafin Hunley ya iso, bataliyar baƙaƙen fata ta 54 daga Massachusetts ta zubar da jini a harin sansanin Wagner, a bakin wannan ruwan. Duk waɗannan a ruwa ɗaya, cikin shekara biyu. Mai shirya fim yana da ikon ya zaɓi labarin da zai bayar, amma mai kallo ma yana da ikon ya lura da wanda aka bari a bayan kyamara. A Amurka akwai daɗaɗɗiyar al'adar ba da labarin yaƙin nan ta fuskar jarumtar sojan Kudu kawai, a kauda kai daga abin da ake karewa, kuma wannan fim ɗin a cikin wannan al'adar yake zaune, ko masu shi sun nufa ko ba su nufa ba. Ba a fim kaɗai abin ya tsaya ba: da aka binne mutum takwas ɗin a maƙabartar Magnolia ranar 17 ga Afrilu, 2004, dubban mutane suka fito, da yawa sanye da kakin sojan Kudu.

Inda na rabu da abokinka shi ne a cewa kada a kalla, ko kada a ji komai. Mutum yana iya jin ƙuncin ƙarti takwas a cikin kwalbatin ƙarfe, ya yaba taurin zuciyarsu, ba tare da ya yi fatan su ci yaƙin ba. Huɗu daga cikinsu ma baƙi ne daga Turai, irin matuƙan da yaƙi ya rutsa da su a tashoshin Kudu. Ni in zan nuna wa ɗalibai fim ɗin, zan nuna shi, amma sai na fara ba su labarin Smalls da Flemming, sannan in kunna.

Game da ko harin ya canza wani abu kuwa, bai canza ba. Ƙawanyar ba ta buɗe ba, jiragen tarayya dai suka ƙara tsaro da dare. Sojojin Kudu suka fice daga Charleston a daren 17 ga Fabrairu, 1865, shekara guda cif bayan daren Housatonic, kuma cikin rundunonin farko da suka shiga garin akwai na baƙaƙen fata. Hunley yana kwance a gefensa na dama cikin laka a lokacin, 'yan kilomitoci daga gaɓa, inda zai ƙara shekara 135 kafin a ɗago shi.